Motar Sadiq a Hannun Alhaji

Naif, Deira, Dubai
4 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanina Abubakar Sadiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da amaryarka Ramlat da duk mutanen gida. Yaya Hajiya da ƙafa? Ka ce likita ya hana ta hawa bene, ni kuwa na san Hajiya, don haka ka sa ido, kada a wayi gari a same ta a sama tana shanyar kuɓewa. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya bar mana ita. Yaya sabon aiki a Sharaɗa? Allah Ya sa ka shiga a sa'a, Ya haɗa ka da abokan aiki nagari.

Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. An ɗan yi sanyi, irin sanyin Dubai da mutane ke saka rigar sanyi don a san suna da ita. 'Yata Nafisatu ta gama jarabawa, ta ce in gaya maka ta ci lissafi ba da taimakonka ba, wai ka rage cika baki. Kasuwar Naif ta fara motsi saboda azumi ya matso, 'yan Kano sun cika masauki, maigidana Alhaji ba ya samun zama. Wannan takardar ma Hajiya Sauda zan ba, jibi za ta taso da kayanta. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ka, domin na san Alhaji zai kira ya ba ka labarin yadda ya ga dama, gara nawa ya riga nasa isowa, kuma a rubuce.

Maganar motarka ce. An sayar da ita. Amma kada ka yi murna ko ɓacin rai tukuna, sai ka ji wanda ya saya da yadda aka yi.

Ka tuna ranar da za ka koma Kano, ka damƙa mini makulli da takardar wakilci da shuɗin fayil ɗin nan, ka ce ba tsada kake nema ba, sharaɗinka ɗaya ne: a sayar wa wanda zai hau ta, ya kai ta filin tsere, ba wanda zai ajiye ta yana kallo ba. Na ce na ɗauka. A lokacin na zaci abu ne mai sauƙi. Na san shekara huɗu kuka yi kai da Sualah, makanikenka ɗan Kumasi, kuna kwance a ƙarƙashinta a garejinsa na Al Quoz, kun ciro tsohon injinta mai silinda shida kun dasa mata mai takwas, kun canza birki da giya, kun ɗaura mata kejin ƙarfe a ciki. Na ce ai masu son irin wannan ba su da wuyar samu a garin nan. Sai ga Sualah ya kira ni a farkon Janairu, ya ce mai garejin ya ba su zuwa ƙarshen wata su tashi, sabon wurin da ya samu a Dubai Investments Park kuwa ko keke aka ƙara a ciki sai mutum ɗaya ya fita. Da Alhaji ya ji, sai ya ce ba damuwa, yana da kwantena mai tashi farkon Fabrairu, idan ba a sayar ba zai cusa ta tsakanin tayil da firji, ta tafi Kano yaro ya ga abarsa. Kai ka san tazarar da ke tsakanin cikin motar nan da ƙasa. Ko daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu ba za ta kai da salansarta ba.

Don haka na zauna da fayil ɗinka kwana biyu, na karanta shi daga bango zuwa bango, na rubuta talla. Na faɗi shekarar ƙira, 1972, na faɗi injin da aka sa da ranar da aka sa shi, da takardar amincewar hukuma, da yawan zuwanta filin tsere. Na kawo wa Alhaji ya duba kafin in saka. Sadiq, da ka ga fuskarsa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko wani laifi ka yi mini da nake son in rama. Ya ce shi shekara talatin yana kasuwa, daga Kantin Kwari har nan, bai taɓa ganin mai kaya ya tona wa kayansa asiri da hannunsa ba. Wai mota ta haura shekara hamsin na rubuta, an sauke injinta na rubuta, an yi ta gudun wuce sa'a da ita na rubuta, saura kawai in ƙara da cewa ta taɓa faɗawa rijiya. Na ce masa masu sayen irin wannan abin da suke nema ke nan. Ya ce Murjanatu, rubutun jarida daban, sayar da mota daban. Duk duniya magana uku ce ke sayar da mota: ba a taɓa buɗe injinta ba, mace ce ke hawa, kuma daga gida sai asibiti. Ya ce in bar masa, mako ɗaya ya ishe shi. Laifina a nan shi ne na bar masa.

Ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin da ya san Sualah ya tafi duba sabon gareji, ya cika but ɗin motarsa da kaya daga Naif ya nufi Al Quoz. Kujerun tseren nan naka biyu masu kama da ƙwarya, ya sa musu riguna masu ruwan zinariya da tuntaye. Ya shimfiɗa kafet a ƙasa, ya rufe kafet ɗin da leda. Sitiyari ya samu riga mai gashi. Kejin ƙarfen ne ya fi ba shi wahala, don ya nemi a yanke shi, masu walda na maƙwabta suka ƙi, Allah Ya saka musu da alheri. Sai ya naɗe shi kaf da yadin labule, ya ce yanzu wanda ya gani zai ɗauka ado ne. Da ya gano babu esi babu rediyo, ya ce ashe wahala yaron nan yake sha bai faɗa ba, ya maƙala ƙaramar fanka a gaba, ya ajiye kwalin tishu, ya turara ciki da turaren wuta har sai da warin fetur ya gudu. Sualah ya dawo ya tarar da ita haka. Ya kira ni, ya ce Hajiya, wallahi Alhaji Mijinyawa ya kashe ni, mota ya zama ɗakin amarya, saura gado da kwalla.

Washegari mai saye na farko ya zo, kuma Sualah ne ya kawo shi. Sunansa Kyaftin Rauf, mutumin Masar, tsohon matuƙin jirgin sama, dattijo mai furfura da ƙaramin littafi a aljihu. Ya ce ya taɓa ganin motar a filin tsere, ya daɗe yana neman mai ita. Ina wurin, don na ce ba za a yi ba ni ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ciki, ya ga tuntaye. Sai ya tambaya wa ya haɗa injin. Kafin Sualah ya buɗe baki, Alhaji ya sha gabansa, ya dafa ƙirji, ya ce da Turancinsa na kasuwa, injin kamfani ne, yadda ta fito haka take, shi tun da ya san motar nan bai taɓa ganin an buɗe ta ba. Ya ƙara da cewa ta mace ce, ya nuna ni, ya ce ga Hajiyar nan, ba ta wuce gudun sittin. Kyaftin ya dube ni, ya dubi tayoyin bayan nan masu faɗin faranti, ya ce a buɗe bonet. Aka buɗe. Ya daɗe yana kallon silinda takwas a inda ya san shida kamfani ya sa. Sannan ya juyo cikin ladabi ya tambaye ni ko ni na ƙara biyun da kaina, ko a hanyar asibiti suka tsiro. Ya rufe littafinsa, ya ce ko dai motar ba tamu ba ce, ko ba mu san abin da muke sayarwa ba, kuma duka biyun ba ya saye. Ya yi sallama ya tafi. Sualah ya zauna a kan tsohuwar taya ya riƙe kai.

A hanyar gida na ce wa Alhaji ya ji tsoron Allah. Ya ce shi bai yi ƙarya ko ɗaya ba, in auna maganarsa: bai taɓa zuwa garejin lokacin da kuke aiki ba, don haka bai ga an buɗe ba, takardar wakilci da sunana take, don haka ta mace ce, kuma tunda ban taɓa tuƙa ta ba, ai ban wuce sittin ba. Injin kuma, ya ce ko ba kamfani ne ya ƙera shi ba, ko Sualah ne ya dafa shi a tukunya? Ka san surukinka, a kan rantsuwa yana da tsoro ƙwarai, amma ya san duk lungunan da ake bi a zagaye ta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, kwana uku bayan haka tallar da Alhaji ya saka ta kawo mai saye. Wani matashi ne mai shagon kofi a wajen bakin teku, mai kiran kowa habibi, har ni. Ko bonet bai ce a buɗe ba. Ya ɗauki hotonta ta gaba da ta baya, ya ce launinta ya dace da bangon shagonsa. Shirinsa shi ne ya girke ta a ƙofar shago, a cire injin a jefar, a dasa injin dafa kofi a gurbinsa, mutane su riƙa karɓar kofi daga bonet suna ɗaukar hoto. Kuma ya taya da tsada, fiye da abin da kai kanka ka yi tsammani. Alhaji ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ya ce to malamar jarida, wa ya iya? Na tuna masa sharaɗinka. Ya ce sharaɗin yara ne, wanda ya biya kuɗinsa ko kunu ya ga dama ya dama a ciki. Da ƙyar na samu ya yarda a jira zuwa Asabar, ranar da matashin ya ce zai zo da motar ja ya ɗauke ta. Daga Asabar ɗin saura kwana shida Sualah ya miƙa makullin gareji.

Na karɓi lambar Kyaftin a wurin Sualah na kira shi. Na ba shi haƙuri, na gaya masa gaskiyar magana: motar ƙanina ce, mijina ɗan kasuwa ne, kuma a garinmu idan ana son a yabi mota sai a ce ba a taɓa ta ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce su ma a Alƙahira haka dillalai suke, sai dai su likita suke cewa ne ke hawa. Na ɗauki hoton fayil ɗinka shafi-shafi na tura masa. Bayan awa biyu ya kira, ya ce wanda ya rubuta wannan fayil mutum ne mai tsari, har ranar da aka canza kowace ƙusa ya sa. Ya ce Asabar da safe akwai ranar gwaji a filin tsere, a kawo ta can, idan ta yi abin da takarda ta ce, zai saya. Amma ya faɗa tun da wuri cewa shi ɗan fansho ne, ba zai kai tayin mai kofi ba. Sualah ya yi yini guda yana kwance labule. Fankar kaɗai ya bari, ya ce ita kam tana da amfani.

Asabar da hantsi muka isa. Kyaftin ya sa hular kwano zai shiga, sai Alhaji ya riƙe ƙofa. Ya ce a ina aka taɓa ba mai saye makulli ya tafi shi kaɗai bai biya ba? A Kano motoci nawa aka tafi da su da sunan gwaji, har yau ana jiran su dawo? Sualah ya ce Alhaji, hanyan nan zagaye ne, duk inda ya je nan zai dawo. Alhaji ya ce shi bai san wannan ba, ƙafarsa ƙafar kayansa. Haka aka nemo masa hular kwano, ya cire zannarsa ya ba ni riƙo, ya tuɓe babbar riga don ta ƙi shiga kujerar. Mutum biyu suka taimaka aka zura shi ta tsakanin ƙarafa, aka ɗaure shi da bel ta kafaɗa da ƙugu da tsakanin ƙafafu, kamar kayan da za a sa a jirgi. Ta taga ya ce mini in lura da kyau, zan ga yadda ake tsare dukiya. Sai Kyaftin ya tayar da ita. Sadiq, na sha jin ƙarar motar nan a gareji, amma ban san haka take a fili ba, har cikin haƙorana na ji ta.

Zagayen farko da suka wuce ta gabanmu, na hango bakin Alhaji yana motsi, na san ko wace addu'a ce. Zagaye na biyu hannayensa biyu na kan kejin da ya so a yanke. Na uku ban ga komai ba, don kafin in ɗaga ido sun wuce. Sualah yana ta tsalle a jikin katanga yana ihu da Hausa da Twi a haɗe, yana cewa ku ji shi, ku ji yaro na! Da suka tsaya, muka ruga. Aka buɗe ƙofa, aka kwance bel, Alhaji bai motsa ba. Na kira shi sau biyu. Ya ɗago gilashin hular a hankali, idanunsa sun yi ja, ya yi salati, sannan ya juya ya tambayi Kyaftin wai iyakar gudunta ke nan? Kyaftin ya ce a'a, shwaiya shwaiya, wato a hankali, ya bi da ita saboda girman Alhaji. Alhaji ya ce a mayar masa da bel ɗin. Sai da suka ƙara zagaye huɗu.

Da ya fito, mutane sun taru suna leƙen injin, Turawa da Larabawa da Indiyawa, kowa na tambayar wa ya haɗa. Nan take surukinka ya gane inda kasuwar ta dosa. Kafin in ankara na ji shi yana gaya wa wani Bature cewa sau uku aka canza injin nan, kuma shi da kansa ya zaɓo na ƙarshen. Sai da na ja hannun rigarsa na ce sau ɗaya ne, kuma ga Sualah nan a tsaye. Ya ce to ai ɗaya ma ba kaɗan ba ne.

Muna cikin haka mai kofi ya iso da motar ja, don Alhaji ya riga ya gaya masa inda muke. Ya zo da fara'arsa, ya ce yalla habibi, a ɗora ta, makanikensa na jira ya sauke injin yau ɗin nan. Kyaftin ya koma gefe ya sa hannu a aljihu, don ya san ba zai iya ja da shi ba. Ni ma na ja gefe. Takarda a hannuna take, zan iya ƙin sa hannu, amma ban so in kunyata Alhaji a gaban mutane bayan ya amince da tayin yaron, kuma na san in na ƙi, rigimar har Kano za ta kai. Alhaji ya dubi matashin, ya dubi motar da ke ta ƙarar sanyi bayan gudu, ya goge zufa, ya ce albarka. Yaron bai san kalmar ba, Sualah ya fassara masa cewa ba a sayar ba. Ya zaci ciniki ne, ya ƙara. Alhaji ya kau da kai. Ya sake cewa albarka. Yaron ya sake ƙarawa, ya ce wannan ne na ƙarshe. Alhaji ya rufe ido kamar mai shan magani mai ɗaci, ya ce khalas, magana ta ƙare, ya je ya nemi tukunya ya dafa shayinsa, wannan ba murhu ba ce. Yaron ya kaɗa kai ya tafi da motar jansa ba komai a kai.

Daga nan Alhaji ya juya kan Kyaftin, ya huce haushinsa a kansa. Awa ɗaya cur suna ciniki a tsaye, Bamasare da Bakano, kowa ya tafi ya dawo sau biyu, kowa ya rantse an cuce shi. A ƙarshe Alhaji ya ɗan ɗaga shi sama da inda ya fara, ya ce ya sallama. Ranar Litinin muka je aka canza suna, Talata ya ɗauke ta daga garejin, kwana uku kafin wa'adi. Kuɗinka na banki, ka duba ka sanar da ni. Kyaftin ya ce Sualah ne zai ci gaba da duba masa ita, kuma duk ranar da ka shigo Dubai, makulli na jiranka a filin tsere.

Yanzu ga saƙon Alhaji, don ya ce lallai in rubuta. Tun ranar bai cika cin abinci ba, yakan zauna ya yi tagumi, ya ce shi Mijinyawa, an yi masa tayi mai tsada har sau uku ya ƙi, ya sayar da araha da hankalinsa. Yana roƙonka don Allah kada maganar nan ta shiga Kantin Kwari, musamman kunnen abokan cinikinsa, don in suka ji, ya ce ba wanda zai ƙara ba shi saƙon ko da allura. Idan ya kira ka zai ce rana ce ta buge shi, ko hular kwano ce ta matse masa kai. Ka ce masa haka ne. Amma ni ina tsaye a wurin, na ga fuskarsa. Shekara ashirin da aurenmu ban taɓa ganin ya yi asara da gangan ba sai ranar, don haka ka rufa masa asiri, kuma ka yi masa godiya ta yadda ba zai gane godiya ce ba.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, maganin ƙafarta yana cikin jakar Hajiya Sauda. Ka gaida Ramlat, da Yaya Rabi da yaranta, da Inna Mero, da Ummi Kulsum idan ta zo hutu. Nafisatu na gaishe ku duka. Sualah ma ya ce a gaida maigidansa. Allah Ya kai mu azumi lafiya, Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Murjanatu